Sugan Baba Rabo

Muddin Larai na raye, Baba Rabo bai taɓa tsallake maganin ciwon suga ba, kuma ba ƙoƙarinsa ba ne. Mutumin da zai zagaye gida yana neman hularsa alhali tana kansa, ina shi ina tuna magani? Dabarar matarsa ce. In ta dama koko da safe sai ta rufe kwanon da faifai, ta ɗora ƙwayar a kan faifan. Ba yadda za a yi ya kai ga kokon bai ɗauke ƙwayar ba. Da yamma ma haka, a kan murfin tuwo. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa ya sha magani ba, abinci ne ke faɗa masa.

Larai ta rasu da bazara. Girki ya koma hannun matar ɗansu, wadda ke fama da goyo da awaki da surfe, ledar magani kuwa ta shige ƙarƙashin tabarma ta yi zamanta. Kafin ruwa ya sauka, wani ƙurji ya fito wa Baba a ƙafa ya ƙi warkewa, fitsari kuma ya hana shi zaman majalisa. Mas'ud, ɗan da ke zaune da shi a ƙauyensu na bayan Tafoki, ya goya shi a babur zuwa asibiti a Ƙanƙara. Can suka tarar da Zulfa, yayar Mas'ud da ke aure a Funtuwa, ta riga su isowa, kuma da faɗanta ta zo.

A gaban masu jiran layi ta tsare ƙanen nata. "Kai wane irin ɗa ne? Inna ta kwanta dama, ko arba'in ba a yi ba ka bar tsoho ya ruɓe da rai! Ƙwaya guda ta gagare ka? Wallahi in Baba ya ƙara tsallake magani, haƙƙinshi na bisa wuyanka har gaban Allah."

Mas'ud magidanci ne mai 'ya'ya, amma ya tsaya kansa a ƙasa kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Wata tsohuwa a kan benci ta ce, "'Ya'yan yanzu ke nan." Wannan maganar ta fi ta Zulfa shigarsa.

Aka tura shi sayo magani, Zulfa ta fita amsa wayar mijinta. Don haka lokacin da malamar asibitin ta gama wanke ƙurjin ta zauna yin bayani, daga ita sai Baba a ɗakin.

"Baba, abu biyu zan hwaɗa maka. Wannan ƙwaya tana da ƙarfi, ba a shan ta da wofin ciki. In ka sha, ka ci abinci. Na biyu, ka riƙa yawo da suga mai ƙwaya cikin aljihu. Duk ranar da ka ji jikinka na rawa, gumi na keto maka, ido na yi maka duhu, to sugan jikinka ne ya hwaɗi ƙasa. Maza ka jefa suga a baki, kada ka jira kowa."

Baba ya washe baki. "Ɗiyata, suga hwa kika ce?"

"Suga. Amma sai ka ji alamun nan, ba don marmari ba."

A nan matsalar take. Kaf yankin ba wanda bai san Baba Rabo da kwaɗayin zaƙi ba. An taɓa samun dabino a naɗin hularsa. An taɓa samun kwalbar zuma a cikin rumbu, a binne cikin dawa. Jikokinsa sun san in za su sha alewa, su sha ta a bayan gida. Kuma in aka kama shi, hujja ba ta taɓa ƙare masa. To da wannan bakin ne ya fito ya shaida wa 'ya'yansa cewa malamar asibiti ta ce ya riƙa yawo da suga.

Zulfa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba! Mai ciwon suga a ce ya sha suga? Ko ƙaryar ma ai a yi mai kama da gaskiya."

"Ku koma ku tambaye ta."

Ba wanda ya koma. Layi ya yi tsawo, hadari ya taso, hanya kuma ba kyau.

Kafin su rabu Zulfa ta shiga kasuwa ta sayo masa ƙaramar waya. Ta sa mai shagon ya naɗi muryarta, ya saita ta ta riƙa tashi safe da yamma. Aka sa wa wayar igiya aka rataya wa Baba a wuya kamar laya. Daga ranar, hantsi bai gama fitowa ba za a ji ƙirjin tsoho ya ɗauka: "Baba, lokacin magani ya yi. Baba, lokacin magani ya yi." Ba ta shiru sai an danna.

Gaskiya ita ce, dabarar ta yi aiki. Ƙurji ya kame, fitsari ya ragu, Baba ya koma majalisa. Matan ƙauye har suna kawo wayoyinsu a yi wa nasu tsofaffin irinta. Abin da ba wanda ya lura da shi, waya ba faifai ba ce. Ba ta san ko an dama koko ba. Sai dai da yake yawanci lokacin da take kuka koko na kusa, ba a ga komai ba.

Mas'ud kuwa ya zama ɗan doka a gidan ubansa. Waya na tashi, ko yana bayan gari zai rugo, ya tsaya a kan Baba har sai ya ga maƙogwaro ya motsa, wani lokaci ma ya ce a buɗe baki ya duba. Ya bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya ya gargaɗe su. Ya hana jikoki shiga ɗakin kakansu da komai a hannu. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoron bakin Zulfa ne da na tsohuwar kan benci, amma wanda ake tsarewa bai damu da dalilin mai tsaronsa ba. Baba ya sha wahala kafin ya samu wani direban motar garin Sabuwa ya sayo masa suga a ɓoye. Ya ƙulle 'yan ƙwayoyi a leda ya sa a aljihu. Kuma abin da zai ba ka haushi, wannan karon bai taɓa su ba. Tsohon da bai taɓa kwana da alewa a hannu ba ya riƙe amanar malamar asibiti, yana shafa ƙullin ta saman riga yana haɗiye yawu.

Damina ta yi tsakiya, ciyawa ta fi ƙarfin gonar gidan, sai Baba ya kira gayya. A wajensu gayya ba ta tambayar addini. Musulmi da Kirista da Maguzawan da suka rage a kan al'adar kakanni duk sukan fito da garemaninsu, a yi wa mutum noman yini ɗaya, shi kuma ya ciyar. Suna da ƙa'ida guda da ba a karyawa: mai gayya ba ya sa komai a bakinsa sai 'yan gayya sun ci. Wanda ya karya kumallo a gida alhali mutane na duƙe a gonarsa, sai jikokinsa sun gaji gorin.

Ranar, duk tukwanen gidan suna kan wuta da abincin taro, ba wadda ta tuna da kokon tsoho, shi ma ba zai sha ba ko an dama. Suna ƙofar gida za su fita wayar ta tashi. Mas'ud ya miƙo ƙwaya da moɗar ruwa.

"Bari sai an kai abinci gona," in ji Baba. "Ta ce kada in sha da wohin ciki."

"Baba, kada mu hwara. Lokaci ya yi."

"Na ce maka malamar..."

"Malamar nan dai ba abin da ba ta ce ba. Sha."

Samari na tsaye da garemani a kafaɗa suna kallo. Baba ya sha. Da ya ɗaga hannu da moɗar, rigarsa ta ja, bakin leda ya leƙo daga aljihu. Idon Mas'ud ya faɗa a kai. Bai yi shawara da kowa ba ya zura hannu cikin aljihun ubansa ya zaro ƙullin, ya ɗaga sama.

"Jama'a ku gani! Muna kashe kanmu a kan lahiyarshi, shi yana kashe kanshi a ɓoye!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce hali zanen dutse. Baba ya miƙa hannu, muryarsa ƙasa ƙasa. "Mas'udu, ba ni abina. Ba na kwaɗayi ba ne. Ƙirga ka gani, ko guda ban taɓa ba."

"Don ba ka samu sarari ba ne." Mas'ud ya jefa ƙullin a aljihun tasa rigar, suka kama hanyar gona.

Da Baba ya zauna a gindin ɗorawa ya yi kallo kamar kowane tsoho, da wataƙila ya kai lokacin abinci. Amma an zo da makaɗi, makaɗi kuma ya san inda ake taɓa mutum. Ya saɓa ganga ya nufo shi. "Ina Rabo na Larai, gagara kuyya! Mai karya garma ranar gayya! Ashe tsufa na cin maza?" Da jin sunan Larai, tsoho ya tuɓe hula ya karɓi garma a hannun wani saurayi ya shiga layi. Mata masu kawo ruwa suka rangaɗa guɗa. Ya ja kuyya ɗaya, ya ja ta biyu, yana huci yana dariya, har ya bar wasu samarin a baya. Rabon da a ga farin ciki haka a fuskarsa tun kafin rasuwar matarsa.

Rana ta take tsaka, abinci bai iso ba. Tuwon taro ba ya sauri.

Garmar ce ta fara suɓuce masa. Ya duƙa zai ɗauka ya yi tangaɗi. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, hannuwansa na karkarwa. Ya lalubi aljihu, ya sake lalubawa, sannan ya tuna. Ya nufi Mas'ud yana taka kuyyoyin da aka gama gyarawa, ƙafa na harɗewa.

"Suga... ba ni... sugana." Harshen ya yi nauyi, maganar na fita a jaye.

"Baba, koma inuwa ka zauna."

"Ba ni, ɗan banza! Ba ni!" Ya cakumi wuyan rigar ɗansa. Mutumin da ko akuya ba ya zagi, yau ga shi yana ɗura wa ɗansa ashar a gaban jama'a, ido a juye, yawu na dalala.

Sai wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Kai, ko dai Baba ya leƙa wajen su Ɗanhausa ne?"

A can gefen gona, ƙarƙashin wata kanya, tsofaffin Maguzawa sun ajiye tulunsu na burkutu kamar yadda suka saba a kowace gayya, ba mai hana su, ba mai kula su. Babbansu Ɗanhausa, abokin Baba Rabo ne tun suna kiwo. Tare suka sha giyarsu shekara da shekaru, kafin Rabo ya musulunta ya sake wa 'ya'yansa suna ya bar tulu har abada. Mas'ud na da wayo a lokacin. Bai manta ranakun kasuwa da ake kawo ubansa a kife a kan jaki ba, bai manta yaran makarantar allo na kiransa ɗan mashayi ba. Ya yi rayuwarsa duka yana goge wannan suna, sahun gaba a masallaci, wando a ɗage. Maganar nan ta same shi daidai inda bai warke ba.

Ya dubi uban: tangaɗi, zagi, harshe a karye. Ya ɓamɓare hannun tsohon daga rigarsa ya ture shi. Baba ya zube a kan kuyya.

"Bayan shekarun nan duka? A gonarka, ranar gayyarka, gaban surukanka?"

Maganar ta zagaye gonar kafin a ɗauke shi. Rabo ya koma ruwa. Wasu na salati, wasu na ƙunshe dariya, makaɗi ya sauke ganga. Aka ja shi zuwa gindin ɗorawa aka jingine.

Ɗanhausa ya taso da sandarsa, shi kansa yana ɗan layi. Ya tsuguna ya taɓa goshin abokinsa, ya shinshina bakinsa, ya ɗago.

"Wanga ba maye ba ne. Bai zo wurinmu ba, ko kallon tulu bai yi ba. Ni na san mayen Rabo, tare munka yi shi. Rabo in ya sha waƙa yake, jikinshi zahi. Ku taɓa ku ji, sanyi ƙalau kamar randa. Mi yake roƙo? Suga? Ku ba shi mana!"

"Ciwon suga gare shi," in ji Mas'ud. "Kashe shi kake so a yi?"

"Ni ban san ciwonku ba. Na san mutum in yana roƙon abu da irin wanga ido, ba shi ake."

Ya kwance ƙaramin goran da ke rataye a ƙugunsa, wanda yake zuba zuma a ciki don tari, ya dangwalo da yatsa ya nufi bakin Rabo. Leɓen tsohon har ya motsa. Mas'ud ya sa ƙafa ya shure goran, ya yi sama ya faɗi cikin ciyawa.

"Kun ba shi giya bai ishe ku ba, sai kun ƙarasa shi? Tashi ka ba mu wuri, tsohon banza!"

Ba wanda ya tsawata wa Mas'ud, ko da yake a shekaru Ɗanhausa ya haife shi. Shaidar mai warin burkutu ba ta da daraja, ko da shi kaɗai ne ya ga gaskiya. Ya tsince goransa ya koma gindin kanya, ya zauna ya juya wa gonar baya.

Can abinci ya iso, tuwo da miyar kuka da manyan ƙore na fura, an zuba mata suga har tana danƙo don 'yan gayya. Aka zauna ci taku kaɗan daga inda Baba yake jingine. Wata jikarsa ta ɗebo fura a ludayi za ta kai masa, uwarta ta fizge ta. "Ke, an hana shi zaƙi." Zuwa lokacin ya daina zagi, ya daina roƙo. Sai wani minshari mai nauyi. Aka ce barcin maye ne, a bar shi ya sake shi. Mashayi ba a kai shi asibiti, ɓoye shi ake.

Da la'asar sakaliya aka ɗora shi a amalanke aka lulluɓe da buhu don kada a gan shi a hanya, aka shimfiɗe shi a ɗakinsa. Mas'ud ya zauna a bakin ƙofa, baƙin ciki ya cika masa ciki, yana tunanin da wace fuska zai shiga masallaci. Rana na shirin faɗuwa ƙirjin tsohon ya ɗauka: "Baba, lokacin magani ya yi. Baba, lokacin magani ya yi."

Mas'ud ya tashi. Duk abin da uban ya yi masa yau, ba za a ce ya tsallake magani a hannunsa ba. Ya girgiza shi, bai farka ba. Sai ya murƙushe ƙwayar a cokali, ya ɗiga ruwa, ya tallafo kan ubansa a kan cinyarsa, ya buɗe bakin da yatsa ya ɗura a hankali, yana shafa masa maƙogwaro har ta wuce. Ya goge masa gemu da bakin rigarsa. A ranar kaf, wannan ne kaɗai abin da ya yi wa ubansa da taushin hannu.

Baba Rabo bai kai safiya ba.

An yi ɗan gunaguni a kan sallar gawa, liman ya ce ba a binciken abin da Allah ya rufe, aka sallace shi. Ɗanhausa ya tsaya nesa da maƙabarta har aka watse. Ba a faɗa wa Zulfa zancen giya ba, an ce a rufa wa mamaci asiri. Ta iso bayan an dawo daga kai shi, ido a kumbure, ta zube a tsakar gida. Da kuka ya lafa ta sa aka kira mata Mas'ud. Yana sanye da rigar jiya, bai samu sukunin canzawa ba.

"Tambaya guda zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Ya sha maganinshi?"

"Ko sau guda bai tsallake ba, Yaya. Jiya ma sahe da yamma, da hannuna na ba shi."

Ta kama hannun nasa ta riƙe, hawaye na zuba. "Na zalunce ka a Ƙanƙara, ka yahe mani. Ka yi abin da ɗa ke yi. Allah ya ba ka masu yi maka." Matan da ke zaune suka amsa da amin.

Aka kawo mata shayi don ba ta sa komai a cikinta ba tun da ta taso. Ta kurɓa ta yamutsa fuska. Matar Mas'ud ta ce a yi haƙuri, sugan gidan duk ya tafi a furar gayya, bari a aika shago.

"Tsaya," in ji Mas'ud. Ya laluba aljihu ya zaro ƙullin leda, ya kwance da haƙori. Ƙwayoyin na nan cif yadda tsohon ya ƙulle su, sai ɗan gefe da ya marmashe. Ya jefa mata biyu a kofi.

Zulfa ta juya da cokali, ta kurɓa, ta ce ya yi daidai.